Rakiyar Ɗan Fari Neman Ƙafa a Masar

Shekarar da aka canza launin kuɗi, mutane suka yi ta layi a bakin banki kamar masu jiran rabon zakka, a shekarar ɗana ya faɗo. In kuna son ku daidaita lissafi, bayan ciwon nan ne da ya sa aka kulle gari aka hana Hajji, kuma damina ɗaya ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Katangar gabas ta gidanmu na Kinkinau a Kaduna ba ta riga ta zube ba. Tafiyar kuwa sai bayan Babbar Sallah muka yi ta, masara ta fara bunni.

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Gidan suna a tambaye ni, gidan biki a tambaye ni. Ko a rumfata ta Babbar Kasuwa mace za ta zo tayin kwano, ta ɓige da "Hajiya Lami, wai yaya Masar ɗin take?" Bakina ya gaji. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya zubewa. Shi ya sa na zauna na faɗa aka rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sayar da kwanukana.

Wanda na raka ɗana ne na fari. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, a nan ma. 'Yan matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa gatsal, har su yi masa rawa a gaban surukai. Mu a gidan da na tashi, cikin birnin Zazzau, mace ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake zaune, ba ta dubansa ido cikin ido. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke, a hannunta ya girma. Ni "yayansu" nake ce masa, tunda ƙannensa yaya suke cewa. Ya haura arba'in, kafinta ne mai bugun rufin kwano, da matarsa da 'ya'yansa a gida ɗaya da ni, amma ban taɓa taka ɗakinsa ba.

A Mando ya faɗo, daga saman wani gini da suke rufewa. Ƙashin bayansa ya karye. An yi masa aiki a nan gida, aka sa ƙarfe, ƙashi ya haɗe, amma ƙafa ta ƙi. Daga cibiya zuwa ƙasa ko allura ka soka masa ba ya ji. Hannuwa lafiya, baki lafiya. An kawo maɗori, an sha rubutu, an yi turare, shiru. Ni kullum nakan tsaya a bakin ƙofa in tambayi matarsa Rabi ya mai jiki, ta ce da sauƙi, in juya.

Da aka gaji sai aka ce Masar. Dangi da abokan sana'arsa suka yi abin da za su iya, aka sayar da wani fili. Saura mai rakiya. Rabi tana da tsohon ciki. Ƙaninsa Sani ya nemi fasfo bai fito ba. Ni kuwa nawa na Umara yana nan da ransa a ƙasan akwati. Da aka ce ni, sai da na dubi mai maganar da kyau. Amma aka ce ai asibiti ne, ma'aikata ne za su yi komai, ni zama kawai zan yi in sa hannu. Na ce in zama ne na iya.

Ta Kano muka tashi. Direbanmu Garba Dogo ya cire kujerun bayan bas ɗinsa, aka shimfiɗa katifa aka kwantar da shi, ni na zauna gaba. Hanyar ana cikin gyaranta, a sauke ku nan a hau da ku can. Duk ramin da muka faɗa sai Garba ya ce, "Sannu Oga." Da abin ya yi yawa sai na ji murya daga baya tana cewa ya taka motarsa kawai, wanda ake wa sannun ba ya ji. Garba ya yi dariya, sannan ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye sauran. A Kwangila muka tsaya na sayi gurasa da balangu na miƙa baya ba tare da na waiwaya ba. Tun daga nan nake jin wani wari a motar, na ɗauka ƙullin daddawata ne zafi ya taɓa.

A filin jirgi jami'in shige da fice ya karɓi fasfona ya tambaye ni wa nake rakawa. Na nuna masa da haɓa, na ce wancan na kan keken guragu. Ya ce sunansa fa? Na ce yana cikin takardar da ke hannunka, kai ne ka yi boko. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yayansu, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan fari ke nan, Hajiya. Kakata ma haka take." Ya buga hatimi. Wannan ita ce alfarmar ƙarshe da al'adata ta samu a tafiyar.

A wurin jiran jirgi na haɗu da Hajiya Tumba, 'yar Gusau, guntuwar mace mai bakin magana. Mijinta Alhaji Bawa mai sayar da hatsi ne, mota ta kife da shi, shi ma ƙafafun sun tafi. Ta dubi yayansu ta ce, "Wanga ɗanki na?" Na ce haka ake cewa. Ta ce to me ya sa na zauna nesa da shi awa wadda ta zo rakiyar maƙwabci? Kafin jirgi ya sauka ta gaya mini tarihin kowa a zuriyarsu, har da waɗanda suka mutu tun ba a haife ni ba.

Da muka sauka Alkahira, 'yan kwastan suka buɗe jakata. Ɗayansu ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai ya yi baya kamar wanda kunama ta harba. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sansana, suka yi ta Larabci. Hajiya Tumba tana gefe tana kai hannu baki tana cewa, "Abinci na, abinci na." Ƙarshe suka miƙo mini daddawata da kan yatsu, da kuka da yaji. Kilishi ne suka riƙe, wai nama ba ya shiga ƙasarsu.

A waje wani Malam Nasiru yana jiranmu. Bakatsine ne, ya daɗe yana karatu a can, da iyalinsa, kuma shi ne tafintan marasa lafiya daga gida. Ya kai mu masaukin da aka kama, a can saman wani dogon bene. Ana hawa ne cikin wani kejin ƙarfe mai kuka kamar tsohuwar amalanke. Keken yayansu da ƙyar ya shiga, sai da aka cire matakin ƙafa. A ƙofar benen akwai mai gadi, Ammu Sayyid, mutumin ƙauye mai doguwar riga da rawani, wanda ya san abin da kowane gida ya dafa.

Mutanen nan matansu ba sa sauka sayen cefane. Kwando suke ɗaure wa igiya su zuro ta taga, mai gurasa ya zuba, su ja. Ranar farko da na gwada, igiyar ta kuɓuce mini, kwandon ya sauka a kan wani mai gyaran takalmi. Ya ɗago ya yi ta faɗa, ni ma na ba shi amsa da Hausa, muka rabu kowa ya gamsu. Daga baya har gaisawa muke.

Abincinsu wake ne da safe, an dafa shi har ya narke, a zuba mai a ci da gurasa. Akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar wanda yara suka yi wa uwarsu ɓarna a madafa, amma yana da daɗi. Ranar da matar Malam Nasiru ta kawo mana wata koriyar miya mai yauƙi tana faɗin sunanta da alfahari, na ɗanɗana na ce ai lalo ne, wanda akuya ke ci a bayan gidanmu. Rake kuwa ba sa sha da haƙori. Inji ke matse musu su kurɓa a kofi. Na ce wa Tumba mutanen da suka kasa tauna rake ban san yadda suka gina waɗancan manyan dalar duwatsun da ake zuwa kallo ba. Su ma daga cikin mota na hango su, ban sauka ba. Kogin nasu dai ya fi namu na Kaduna, wannan ba gardama.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kira. A can ana kiran mace da sunan ɗanta na fari, girmamawa ce. Tun daga ranar da muka shiga asibiti kowa sai ya ce Ummu, ya ɗora sunan yayansu tsirara. Mai shara ta kira, mai kawo abinci ya kira, a tsakiyar mutane. Sunan da na yi shekara arba'in ina kewayewa ya zama nawa. Na kuma ga wata tsohuwa a ɗakin da ke kusa da namu tana sumbatar goshin ɗanta mai gemu, tana ba shi abinci a baki. Na kawar da kai, na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Aka sa yayansu cikin wani injin hoto mai kama da rami, aka ɗebi jini. Washegari babban likita ya zo, dattijo mai sanƙo, da wata nas ƙatuwa mai suna Madam Su'ad. Kafin ya ce komai a kan ƙafa sai ya sa aka juya yayansu, aka ɗaga riga. Na miƙe zan fita, ya ce a ce mini in tsaya. Ban duba ba, amma hancina ya gaya mini ba daddawa ba ce nake ji tun daga Kwangila. Gyambon kwanciya ne a ƙugunsa, ya yi rami. Shi ba ya jin wurin, Rabi kuwa tana ta barbaɗa hoda tana rufewa, ta kasa gaya wa surukarta abin da ke mazaunan mijinta. Ban ga laifinta ba. Ni ma ban tambaya ba.

Bayan an rufe shi likita ya zauna. Ya ce lakar da ke cikin ƙashin bayan ta yanke, kuma ba shi da aikin da zai mayar da ƙafar. Ni na yi magana. Na ce wa Malam Nasiru ya tambaye shi: ƙashi ya karye ya haɗe, fata takan tsage ta haɗe, shi kansa yayansu, zarto ya taɓa yanke masa yatsa shekarun baya, ya daɗe ba ya jin kan yatsan, daga baya ji ya dawo. To me ya sa wannan ba za ta haɗe ba?

Dattijon ya gyara zama, ya yi bayani a hankali, Malam Nasiru yana juyawa. Ya ce jijiyar yatsa in ta yanke tana sake tofowa, don naman da ke kewaye da ita yana share mata hanya yana kiranta. Ta cikin laka ma takan yi yunƙuri, takan fito da ɗan kai tana lalube. Amma a can abin da ke kewaye da ita korarta yake yi. Akwai wani farin kitse da ke naɗe da jijiyoyin, in ya yage sai ya bar wasu sinadarai a wurin. Kan jijiyar yana da abin da yake jin su da shi, kamar kunne. Da ya taɓa su sai saƙo ya shiga ciki cewa tsaya, sai kan ya naɗe ya koma. Sannan jiki yakan gina tabo a wurin raunin don kada ɓarnar ta bazu sama da ƙasa, kuma tabon yana da amfani, amma shi ma yana fitar da nasa abin da ke cewa ba hanya. Bayan wannan, ita kanta jijiyar babban mutum tana da birki a cikinta, wanda aka taka tun ranar da ta gama girma.

Na gane shi sarai, don na shuka kabewa. Kan yaɗonta yakan tafi yana neman abin kamawa, in ya taɓa kwano mai zafin rana sai ya nannaɗe, uwar tana nan kore shar amma ba ta ƙetarewa. Na ce wato ba mutuwa ta yi ba, hana ta ake yi. Likita ya ce wasu sun mutu, wasu hana su ake yi. Na ce to a toshe mata kunnen mana. Da aka juya masa sai ya yi dariya, ya ce abin da masana ke ta gwadawa ke nan. A jikin ɓeraye sun toshe, jijiya ta ɗan yi gaba. A jikin mutum kuwa har yanzu ba a samu wanda ya tabbata ba, don in ka rufe bakin ɗaya, saura suna nan suna magana, kuma ko ta ƙetare sai ta san gidan da za ta.

Sannan ya nuna bayan yayansu ya ce, "Ƙafa ba ta kashe mutum. Wannan yana kashewa. Ku riƙe mini shi da rai, in an samo maganin wata rana a same shi."

Aka yi masa aikin gyambon, aka yanke ruɓaɓɓen naman. Kwanakin nan bai ci abin kirki ba, fuskarsa tana bango. Ana cikin haka Hajiya Tumba ta zo da labari, wai wani dillali ya nuna musu wani wuri inda ake yin allura a baya, jijiya ta farka. Su sun yanke za su. Yayansu ya aiko Malam Nasiru ya gaya mini yana so a kai shi. Na ce a tambayi mai sanƙo. Dattijon ya ce in da an samu irin wannan allurar, ba a bakin dillali za mu fara jin ta ba, kuma ba zai yarda a huda bayan da ke da ɗanyen rauni ba. Na ce a gaya wa mai aiken maganar ta mutu. Ya yi kwanaki ko gaisuwar safe ba ya aiko mini.

Da sallama ta matso, aka ce za mu koma masauki, a riƙa kawo shi motsa jiki ana duba raunin. Madam Su'ad ta kira ni ta ce za ta koya mini juya shi da wanke gyambon, don ba a barin irinsa a gefe ɗaya ya daɗe, dare da rana. Na ce wa Malam Nasiru ya gaya mata ba aikina ba ne. Ta riƙe ƙugu ta ce a tambaye ni wa ya wanke shi ranar da aka haife shi. Na ce ungozoma. Ta ce bayan nan fa? Na ce kakarsa. Ta dubi Malam Nasiru ta ga ko wasa yake, ya yi ta yi mata bayanin al'adarmu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce al'ada mai kyau ce, amma ƙwayar cuta ba ta san ta ba. Duk da haka ta sa na tsaya daga bakin ƙofa na ga yadda take yi, da ɗan tsana na roba, tunda na ƙi kallon na gaske.

Na yi dabarata. Malam Nasiru zai riƙa zuwa da safe ya wanke raunin, Ammu Sayyid ya riƙa hawowa yana juya shi. Kwana kaɗan abin ya tafi. Sai jarrabawa ta taso wa Malam Nasiru, yau ya zo gobe ya aiko da haƙuri. Ammu Sayyid kuwa mutumin kirki ne, amma yana da bene guda a wuyansa, kuma in ya zo ɗaga shi yake kamar buhun albasa, ya ja shi a kan zanen gado. Ranar da muka koma dubawa, Madam Su'ad ta buɗe ta ga gefen raunin ya fara baƙi, jikinsa kuma da zafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta wanke, ta ba da magani, ta ɗauko kwalin safar hannu ta ajiye mini a cinya, ta ce in ya kai ƙashi ba za mu koma gida mu biyu ba.

Washegari Juma'a ce. Tun hantsi Ammu Sayyid ya tafi ƙauyensu gaisuwar mutuwa, Malam Nasiru wayarsa a kashe. Garin ya yi tsit, maza duk sun tafi masallaci, zafi kamar a gasa gurasa a kan taga. Ina zaune a falo ina jin numfashinsa daga ɗaki. Tun asuba yake a gefe ɗaya. Ya san lokaci ya wuce, na san ya sani, kuma na san ko zai ruɓe a wurin ba zai kira ni ba, don shi ma tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Na je bakin ƙofa na dawo. Na sake zuwa. Aka yi kiran sallah, aka yi huɗuba, ina tsaye da kwali a hannu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ake cewa, amma ba a faɗi wanda zai wanke ba.

Na shiga. Ban dube shi ba, bango na duba, na ce, "A gaya wa mai ɗakin nan za a juya shi."

Can sai na ji ya jawo hularsa ya rufe fuska, ya ce daga ƙarƙashinta, "A ce an shirya."

Na yi yadda na ga an yi wa ɗan tsana. Na naɗe masa hannu a ƙirji, na lanƙwasa gwiwa, na sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, na mirgino shi gabana, ban ja ba. Ƙafafun suna da nauyi kamar itacen da ya sha ruwa. Na sa matashi tsakanin gwiwoyin. Na buɗe raunin na wanke da ruwan gishirin asibiti, daga tsakiya zuwa waje, na cusa auduga, na rufe. Rabon da in ga bayan nan tun yana jariri. Ashe har ya yi furfura a ƙeya. Da na gama na tattara kayana, ina bakin ƙofa na ji an ce, "A ce an gode." Na ce a ce ba komai. Na je na yi alwala na yi azahar, na daɗe a zaune a kan sallaya.

Daga ranar haka muka yi ta yi. Ba na duba agogo, ladanai ne agogona, ga su kuwa birjik a garin: juyi a kowane kira, juyi a tsakani. Duk maganarmu ta hanyar wannan ɗan aiken da babu shi. A tambayi mai ɗaki ko zai sha kunu. A ce a ƙara sukari. Hajiya Tumba ta zo ta same mu muna haka, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ba ta taɓa ganin mutum biyu sun ɗauki bango tafinta ba, ko shi ma biyansa mukai? Na ce ta kula da nata majinyacin. Nata kuwa an yi allurar, an sake yi, ƙafa tana inda take.

Gyambo daga ƙasa yake cikowa, kamar rijiyar da ake cikewa. Na ga jan nama mai kyau yana tasowa da idona. Ranar da Madam Su'ad ta buɗe ta ga haka, ta kama kaina ta sumbace ni a kumatu biyu, ban shirya ba. Yayansu ya fara cin abinci. A wurin motsa jiki aka koya masa ɗaga kansa da hannuwa, da zamewa daga gado zuwa keke a kan wani allon katako. Ya juya allon ya duba, ya ce wa Malam Nasiru wanda ya yi wannan bai iya goge katako ba, ya auna shi da taƙi ya ce in ya koma zai yi wanda ya fi shi. Ranar na san zai rayu.

Mun dawo an fara girbin gero. Garba Dogo ya tarye mu a Kano, wannan karon ba a cire kujera ba, yayansu ya zauna gaba, ni baya. Da muka iso Kinkinau layinmu ya cika, mata sun shirya guɗa, don labari ya riga mu cewa an yi aiki an dace. Da aka sauko da keke aka buɗe, sai guɗar ta maƙale. Na ji wata daga baya tana cewa ashe asarar fili aka yi. Na juya na ce mata na tafi da mutum a kwance yana wari, na dawo da shi a zaune yana ba direba umarni, in tana da wanda ya fi wannan ta kawo mu gani. Rabi ta haihu muna can, mace. Tana gama wankan jego na shiga ɗakinta, karo na farko, na koya mata juyi da wanki da duba fata, yadda aka koya mini.

Masu tambaya ko zai tashi, ga amsa: ban sani ba, mai sanƙo ma bai sani ba. Jijiyar tana nan ana ce mata tsaya, masana suna can suna neman yadda za su rufe bakin masu cewa. Masu tambaya ko na bar al'ada kuwa, ban bari ba. Har gobe ba na kiran sunansa.

Cikin waɗanda muka yi wannan tafiya da su, Alhaji Bawa ya rasu bayan dawowarsu da 'yan watanni, gyambo ne ya ci shi. Hajiya Tumba tana nan Gusau, takan kira ni ta cinye mini caji. Garba Dogo, mai ƙafafu biyu lafiyayyu, zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke shi bara, Allah ya jiƙansa. Dattijon likita an ce ya bar aiki, yana raye. Ammu Sayyid ban san labarinsa ba. Malam Nasiru ya gama karatu ya dawo Katsina yana koyarwa, shi ya gaya mini Madam Su'ad tana nan tana tsorata masu rakiya. Rabi tana nan, Sani yana nan, fasfonsa ya fito bayan an daina nema. Yayansu yana nan a zauren gida, an sassaƙa masa teburin aiki daidai tsayin kekensa, yana yin ƙofofi da kujerun tsakar gida, da allunan zamewa da masu irin lalurarsa ke aikowa a saya. Bayansa kuwa fata ce lafiyayya, sai tabo. Ranar Juma'ar da ta wuce aka duba. Ni na duba, ba aike na yi ba.